Wayar Hannu Tana Zaɓo Mana Abin Tsoro, Tana Ɓoye Abin Amfani

Edita,

Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa game da bidiyon da waya ke jero wa mutum ba tare da ya nema ba.

Ni ɗan tireda ne a Tsamaye, ina kuma yin cajin waya da sola. Kullum matasa da magidanta na zaune a rumfata suna jan allon waya da yatsa, kuma da yawansu na zaton abin da ya faɗo musu katari ne kawai. To ba haka ba ne. Akwai wani tsarin lissafi na kwamfuta da ke zaɓa wa kowa abin kallo, kamar dillalin da la'adarsa ke ƙaruwa gwargwadon daɗewarka a rumfarsa, domin da tallace-tallace kamfanonin ke cin abinci. Wannan batu ba a ɓoye yake ba: a 2012 YouTube ya koma auna tsawon lokacin da mutum ya ɓata yana kallo, a 2018 kuma wani babban jami'insa ya ce fiye da kashi 70 cikin 100 na lokacin kallo daga abin da tsarin ya zaɓo ne. TikTok ma a 2020 ya bayyana cewa kallon bidiyo har ƙarshe babbar alama ce a wurinsa cewa kana son irinsa.

To mu a ƙasar Gobir me ya fi riƙe ido? Tsoro. Ba mu manta mutane fiye da 70 da aka kashe a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayu na 2020 ba, ko matafiyan da aka ƙone cikin mota a Disamba 2021, ko bidiyon marigayi Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, da ya zagaya wayoyi kafin rasuwarsa a hannun 'yan bindiga a Agusta 2024. Na'ura ba ta san makoki ba. Wanda ya kalla yana hawaye da wanda ya kalla yana murna duk ɗaya ne a lissafinta, gobe sai ta ƙaro masa irinsa. Ta haka ne ɗan bindiga mai baje kuɗin fansa ke samun 'yan kallo, har da ɗiyanmu ƙanana.

Ni kaina abin ya ci ni. Wata rana ana gobe kasuwa, bidiyon wani gari yana ci da wuta ya faɗo mini, an ce wai kan hanyarmu ne. Na fasa zuwa sari, maƙwabcina kuma tattasansa ya kwana har ya laushi, ya sayar da shi a wulaƙance. Daga baya muka gano ashe bidiyon ya shekara biyu, kuma ba ma yankinmu ba ne. Da can mukan ce gani ya kori ji, yanzu kam ganin ma sai an tantance. Babban haɗarin shi ne ranar da gargaɗin gaskiya zai zo, mutane su ce ai irin na jiya ne. Amma farashin gero, ko yadda ake zuba taki, ko maganin tsutsar wake, wallahi sai ka nema da kanka, kuma kana gamawa a mayar da kai gidan jiya.

Wani zai ce a yanke sabis kowa ya huta. An gwada a Satumba 2021 a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, mun kuwa ji jiki, don ba tura kuɗi, ba kiran neman agaji. Wannan ba magani ba ne.

Saboda haka ina kira ga kamfanonin nan da su ɗauki isassun ma'aikata masu jin Hausa, har da Gobiranci, su kuma riƙa nuna ranar da aka fara sa bidiyo ɓaro-ɓaro. Hukumar NITDA, wadda ta fitar da ƙa'idojin aiki ga irin waɗannan kamfanoni a 2022, ta tuna cewa mu ma 'yan ƙasa ne.

Mu kuma 'yan'uwa, mu sani mu ne ke horar da dillalin nan. Bidiyon ta'addanci kada ka kalla har ƙarshe, kada ka tura, kada ka yi sharhi ko da na tsinuwa ne, domin duk ƙara masa kasuwa kake yi. Ka kai ƙararsa, ka toshe mai shi. Binciken cibiyar Mozilla na 2022 a kan YouTube ya nuna toshe tasha ya fi danna alamar ƙi tasiri nesa ba kusa ba. Kafin kuma ka fasa tafiya, ka buga wa wanda ka sani a garin ka tambaya.

Daga ƙarshe ina roƙon Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.

Naku mai karatu kullum,
Ɗan tireda, Tsamaye,
Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, Jihar Sakkwato.