"Ai waya biyu ce kawai": a daina yaudarar 'yan'uwanmu na Ingila kan na'urar ɗumama gida

Da sanyi ya shigo Ingila sai ka ji wata magana tana yawo a tsakanin mutanenmu da ke can, ɗalibai da ma'aikatan jinya: wai in na'urar da ke tsara lokacin ɗumama gida ta mutu, sayo sabuwa kawai ka maƙala, "ai waya biyu ce, kala da kala". Ɗan'uwa, wannan fa ba taimako ba ne. Mai ba ka shawarar ba shi zai kwana da yara a ɗaki kamar firji ba, ba kuma shi zai biya kuɗin gyaran boila ba.

Ga wanda bai san tsarin ba: a can boila ɗaya mai aiki da gas ce ke dafa ruwa, famfo ya tura shi ta bututu zuwa ƙarafan ɗumi da ke jikin bangon kowane ɗaki. Furogirama ɗan akwati ne a bango da ke gaya wa boilar ta tashi ƙarfe 6, ta mutu ƙarfe 9. Wutar da ke bayansa volt 230 ce, irin ta soket.

Gaskiyar masu waccan magana ɗaya ce. In sabuwar irin tsohuwar ce sak, aikin bai wuce sassauta sukurori biyu a ƙasa, a ɗaga tsohuwa, a zaunar da sabuwa ba. Kamfanoni da yawa, irin su Drayton da Hive, suna amfani da farantin bango iri ɗaya mai ramukan waya shida: N, L, 1, 2, 3, 4. To a nan tarkon yake. Na'ura ta shige faranti ƙwas ba ya nufin lambobin aiki ɗaya suke yi.

Duba Hive kaɗai. A mai layi biyu, ta gidan da ke da tankin ruwan zafi, 1 kashe ruwan zafi ne, 2 kashe ɗumi, 3 kunna ruwan zafi, 4 kunna ɗumi, kuma duk huɗun wutar 230 suke fitarwa. A mai layi ɗaya, ta boilar kombi wadda ba ta da tanki, 1 ce mashigar makunni, 3 ce kunna ɗumi, 4 kuwa fanko ce. Ka ɗora mai layi ɗaya a farantin mai biyu, wayar ɗuminka tana kan ramin da ba ya komai. Ka yi akasin haka, abin ya fi muni: wasu boilolin kombi ƙaramar wuta suke jira a wannan layin, kai kuma ka aika musu 230. Allon lantarkin boilar ne zai ƙone, kuma kuɗinsa ya ninka na furogiramar da ka sayo.

Zancen kala kuwa, ka manta da shi. Tsoffin gidaje ja da baƙi ne, daga 2004 zuwa 2006 aka koma ruwan ƙasa da shuɗi, gida ɗaya ma za ka tarar da duka biyun. Ƙari a kan haka, a wayarin ɗin ɗumi mai aikin farko yakan ɗauki shuɗi ko baƙi ya mai da ita wayar wuta, wani lokacin ko alama bai sa mata ba. Kai ka ɗauka nutural ce. Ramin da waya ta fito shi ne sunanta, ba kalarta ba.

Sai maganar tasta, wannan sukundireba mai ɗan ƙwai da muka saba da ita tun gida. Ba na yarda da ita a wannan aikin. Takan ƙi haske alhali akwai wuta, a wuri mai haske ma da kyar kake ganinta. Danna "kashe" a fuskar furogirama shi ma bai yanke komai ba, L tana nan da ranta. Nemo makunnin da ke ciyar da tsarin ɗumin, yawanci kusa da boila, ka kashe, ka zare fis ɗinsa ka sa a aljihu don kar wani ya mayar. Fis ɗin amp 3 ne, kar ka musanya shi da 13 don shi ne a hannunka. Sannan ka gwada da tasta mai baki biyu, wadda ka fara tabbatar tana aiki a inda ka san akwai wuta. Kafin ka kwance ko waya ɗaya, ɗauki hoto, ka liƙa wa kowace lambarta, ka ajiye takardar tsohuwar na'ura kusa da ta sabuwa ka karanta abin da kowace lamba ke yi.

In gidanka bawul ɗaya mai hanya uku gare shi, wanda suke kira tsarin Y, wayar rami na 1 dole ce. Ka bar ta a sake, ɗumi ba zai tashi ba sai ka kunna ruwan zafi, ka yi ta zagin sabuwar na'ura ba laifinta. Wasu furogiramomin kuma suna da ɗan maɓalli a baya na zaɓar tsohon tsarin da ruwan tanki ke zagayawa da kansa ko mai famfo. Duba shi kafin ka rufe.

Akwai inda ba ruwanka. In wayar za ta kai ka ga buɗe murfin boila, a boiloli da yawa murfin nan shi ke rufe ɗakin ƙonewar gas, aikin mai rajistar Gas Safe ne, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009. Kuma in haya kake, kamar da yawa daga cikinmu, dokar haya ta 1985, sashe na 11, ta ɗora gyaran ɗumi da ruwan zafi a wuyan mai gida. Tura masa saƙo a rubuce, da hoton na'urar da kwanan wata. In ka taɓa ka ƙona, daga kuɗin ajiyarka zai nemi ya cire.