Raunin Ƙoda Ba Dalilin Hana Majinyaci Magani Ba Ne

Ciwon dajin ƙoda yana daga cikin cututtukan da suka daɗe suna gagarar likitoci. Sau da yawa ba ya bayyana sai ya riga ya bazu zuwa huhu ko ƙashi, kuma tsofaffin magungunan daji ba su cika yin tasiri a kansa ba.

A shekarar 1993 masana suka gano wata ƙwayar gado da ake kira VHL. Idan ta lalace, sai ƙwayoyin ƙoda su riƙa aiki tamkar suna cikin ƙarancin iskar oksijin, su yi ta fitar da wani sinadari mai suna VEGF, wanda ke sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro su ciyar da ƙarin. Daga wannan ilimi ne aka haɗa magungunan da ke datse wa ƙari hanyar abincinsa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da sorafenib a 2005, sunitinib a 2006, pazopanib a 2009, sannan axitinib a 2012. Ba kasafai suke warkarwa ba, amma suna rage wa cutar gudu, kuma tun daga 2019 ana haɗa wasunsu da magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki.

Sai dai akwai wani gibi. Da yawa daga cikin masu wannan cuta an riga an cire musu ƙoda ɗaya, wasu kuma dattawa ne da ciwon suga ko hawan jini ya raunana musu ƙoda. Amma manyan gwaje-gwajen da aka tabbatar da magungunan da su sun saba ware masu raunin ƙoda mai tsanani. Don haka likita kan rasa madogara, har fargaba ta sa ya hana maganin.

Wannan fargaba ta wuce kima. Hanta ce ke sarrafa akasarin waɗannan magunguna, kuma ta bayan gida suke fita. Alal misali, kimanin kashi 16 cikin 100 na sunitinib ne ke fita ta fitsari, na pazopanib kuwa bai kai kashi 4 ba. Ko majinyacin da ake yi wa wankin ƙoda ana iya fara masa sunitinib a kan adadin da aka saba.

Duk da haka, masu dari-dari suna da hujjarsu. Matatun da ke cikin ƙoda su ma suna buƙatar VEGF, saboda haka toshe shi kan jawo hawan jini da zubar furotin cikin fitsari. Maganin wannan shi ne sa ido: a riƙa auna jini, a gwada fitsari da ƙarfin ƙoda a kai a kai, a rage adadin magani idan ta kama. Majinyaci kuma ya guji shan diclofenac ko ibuprofen da jiƙe-jiƙe ba da sanin likita ba, domin suna iya ƙarasa ƙodar da ta rage.

Wajibi ne masu bincike su daina rufe wa irin waɗannan majinyata ƙofar gwaji, asibitoci kuma su tanadi kayan awo masu aiki. Ɗaliban da za su zama likitocin gobe su riƙe cewa mai ƙoda ɗaya ya fi kowa buƙatar a auna lamarinsa kafin a yanke masa hukunci.