Kada araha ta ruɗe mu wajen sayen kwamfutar ɗalibi

Jama'a, duk uban da ya sayar da buhunan gero ko ragon gida don ya saya wa ɗansa kwamfuta zai shiga Kwalejin Ilimi ta Tarayya (Fasaha) da ke Bici, ina roƙonsa kada ya ɗauko netbook don araharta. Tun da Asus ya fito da Eee PC a 2007 ake sha'awar waɗannan 'yan ƙananan kwamfutocin, amma lokacinsu ya wuce. Allon inci 10 ne, ƙwaƙwalwar gig 1 ko 2, alhali Windows 11 kaɗai gig 4 take nema. Na ga ɗalibi ya buɗe AutoCAD a kan irinta zai yi zanen gini, ta daskare, yana zaune yana share gumi har aka ɗauke wuta. Gara ƙaramar laftof ta hannu mai inci 13, ko da jikinta ya ɗan goge. In kun je Beirut Road a Kano, ku sa mai shago ya zare caja a gabanku, ku zauna ku ga awa nawa batirin zai riƙe, don a hostel ba kullum ake samun wuta ba. Sannan yaron ya taɓa madannan da yatsunsa, shi zai buga furojet ɗinsa a kansu.