Tsimin isansi da ke cinye inji

A ranar 29 ga watan Mayu na 2023 ne gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur, nan take kuwa kuɗin isansin kwalba da ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a Maraɗi, Damagaram da Birnin Ƙonni ya hau. Duk lokacin da mai ya yi tsada, roƙo guda ne makanikai suka fi ji daga bakin masu moto: a rage wa injin shan mai. Roƙo ne mai sauƙin biya, domin ba ya ɗaukar bakanike rabin awa. Sai dai sau da yawa garin neman ƙiba ne ake samo rama.

Abin da inji ke ƙonawa gauraye ne na iska da isansi, wanda karburata ke haɗawa. Masana sun auna cewa kilo 1 na isansi yana bukatar kilo 14,7 na iska kafin ya ƙone ƙurmus. Amma idan inji ya ɗauki kaya ko yana hawan tudu, ya fi son kilo 12 zuwa 13 na iska kawai, wato mai ya ɗan yi rara. Wannan rarar ba asara ba ce: yayin da take zama tururi a cikin silinda, tana kwashe wani ɓangare na zafi, kamar yadda raɓar jikin randa ke sanyaya ruwan cikinta. Idan aka hana inji ita, sai kan fistan da supap ɗin fitar hayaƙi su sha wuta. Ana ƙera fistan da alminiyam, ƙarfen da ke narkewa a digiri 660, kuma yana yin laushi tun kafin a kai nan. Ƙarshen abin shi ne fistan ya kumbura ya cije a cikin silinda, ko kansa ya huje.

Injinan da suka fi shiga wannan hatsari su ne masu silinda guda waɗanda iska ce kaɗai ke sanyaya su: moton kabu-kabu, injin ban-ruwa na lambunan albasar Galmi, da ƙananan motocin rairayi marasa rufi da ake kira bugi. Yawancin ƙananan bugi da ake ƙerawa a Sin suna ɗauke da inji samfurin GY6 mai sise 150, wanda fanka ke hura wa iska ta cikin wani murfin roba. Irin wannan mota takan yi ta nishi cikin yashi, an buɗe mata wuta duka amma tana tafiya sannu, wato zafi mai yawa. A watannin Afirilu da Mayu, da zafin rana ke wuce digiri 40, ƙaramin kuskure a karburata ya isa ya kashe ta.

Injin da mai ya yi wa kaɗan ba ya ɓoye ciwonsa. Yakan yi wuyar tashi da safe, ya yi shaƙuwa idan aka ba shi wuta farat ɗaya, salansa ta riƙa tas-tas idan an saki wuta, ƙugin injin kuma ya daɗe sama kafin ya sauko. Idan aka ja cok sai aka ji ya ƙara lafiya alhali ya riga ya ɗumama, to magana ta fito fili. Babban mai shaida shi ne buji. A kwance shi bayan tafiya mai ɗan nisa, a dubi bakinsa: launin ƙasa-ƙasa alamar daidaito ce, baƙi mai kunkunniya na nufin mai ya yi yawa, fari fat kamar alli kuwa na nufin injin yana ƙuna.

Bincike yana da tsari, kuma daga mai sauƙi ake farawa. Da farko a tabbatar mai yana isa karburata: a cire tiyo a ga ko yana zubowa da ƙarfi, a duba matatar mai, a duba ɗan hujin numfashi na murfin tanki, domin idan ya toshe injin yakan mutu bayan ƴan kilomita, ya tashi da zarar an buɗe murfin. Na biyu, a nemi iskar sata. Robar da ta haɗa karburata da kan inji takan tsage saboda zafi da tsufa, iska ta riƙa shiga ba tare da mai ba. A bar injin yana aiki a hankali, a fesa ruwa kaɗan a kan robar. Idan ƙuginsa ya sauya, nan ne tsagar take. Kada a yi wannan gwaji da isansi a kan inji mai zafi.

Na uku su ne jiklar, ƴan ƙananan ƙusoshin tagulla masu huji da mai ke bi. Ƙarami cikinsu hujinsa bai kai rabin milimita ba, saboda haka ƙwayar yashi guda daga kwalba ko mazurari marar tsabta ta isa ta toshe shi. A wanke su, a hura da iska, amma kada a zura musu wayar ƙarfe, don tana ɓata ma'aunin hujin. Na huɗu, a dubi matatar iska da salansa. Wanda ya cire soso ko ya fasa salansa don ta yi ƙara ya ƙara wa injin iska bai ƙara masa mai ba, ga kuma ƙurar hunturu da za ta shiga ta cinye zobban fistan.

Sai bayan waɗannan ake taɓa ƙusar sauti. Idan tana ɓangaren inji, mai take sarrafawa, kwance ta yana ƙara mai. Idan tana ɓangaren matatar iska, iska take sarrafawa, kwance ta yana rage ƙarfin mai. Aikinta bai wuce lokacin da inji ke tsaye ko tafiyar sannu ba. Inda ake yin ɓarnar gaske shi ne a sa jiklar da ta fi ta kamfani ƙanƙanta, ko a sauke allurar karburata, da sunan tsimi. A kowane hali, abu guda ake sauyawa, a gwada, a sake duba buji, sannan a wuce gaba.

Idan buji ya nuna daidai amma zafi bai sauka ba, sai a koma kan laka da ta cushe haƙarƙarin silinda, murfin fanka da aka cire aka jefar, baƙin mai da ya ragu ko ya tsufa, da supap da suka matse har ba sa rufewa sosai.

Ɗan kasuwar da ya ba yaro moto yana jiran balas kowace yamma, da ma'aikacin da ya sayi tasa da bashin albashi, lissafinsu ɗaya ne. Abin da tsimin ke ragewa ɗan kofi ne a kowace lita, abin da yake jawowa kuwa sabon fistan ne da zobba da silinda da kuɗin aiki, ga kwanakin da moto za ta yi kwance a garaji ba ta kawo ko dala ba. Wanda ke son rage shan mai da gaskiya, sai ya kula da iskar taya, ya wanke matata, ya tace isansi kafin ya zuba, ya daina lodin da ya wuce ƙima. In kuma bakanike ya ce ya rage wa moto shan mai, ya kamata mai ita ya tambaye shi abin da ya taɓa, ya kuma nemi a nuna masa bakin buji bayan mako guda.