SHIGA MAKARANTA BA HUJJAR ƘWACE YARO BA CE

A duk lokacin da watan Satumba ya ƙarato, wata tsohuwar rigima takan farfaɗo a gidajen da aure ya mutu. Uba yana neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal, uwa kuwa tana gidan iyayenta a can Kwaja, cikin duwatsun Mubi ta Kudu, daf da iyakar Kamaru. Da zarar yaro ya cika shekara 6, sai uba ya aiko a karɓo masa ɗansa, wai zai sa shi makaranta a Kurmi. Muna roƙon 'yan'uwanmu mazauna Kudu su tsaya su auna wannan al'amari da idon basira.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa da an yaye yaro, ko ya isa shiga furamare, riƙonsa ya koma hannun uba. Wannan al'ada ce kawai. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu suke hukunci da ita, uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta. Idan uwar ta auri wani bare, riƙo yakan koma ga kakar yaron ta wajen uwa, tun kafin a zo kan dangin uba. Littafin Muhtasar na Shehu Halilu ya bayyana cewa tarbiyyar yaro da aika shi makaranta suna wuyan uba, amma yaro yana kwana wajen mai riƙonsa. Ci da sha da tufafi duk a kan uba suke.

Gaskiya ne malamai sun ce idan uba zai ƙaura zuwa gari mai nisan kimanin mil 72, yana iya tafiya da ɗansa. Amma sun gindaya sharaɗi: ƙaurar ta zama ta zama ce ta dindindin, ba tafiyar fatauci ba, kuma hanya da garin su kasance da aminci. To, wanda ya biyo shanu daga kasuwar Mubi, yake kwana a shago ko a ɗakin haya tare da abokai, ya tambayi kansa ko ya cika wannan sharaɗi. Wa zai yi wa yaron wanka, wa zai lura ko ya isa aji?

Iyaye mata su ma da nasu nauyin. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara 6 na furamare da 3 na ƙaramar sakandare, kyauta. Uwa ko kakar da ta ɗora wa yarinya farantin talla a lokacin da sa'o'inta suke aji, ita da kanta ta ba uba hujjar kai ƙara, domin an kafa riƙo ne don amfanin yaro.

Shawararmu ita ce a zauna tun kafin a buɗe makarantu, gaban dattawan ɓangarorin biyu. A rubuta inda yaro zai yi karatu, da abin da uba zai riƙa aikowa kowane wata, da inda zai yi dogon hutu. Idan canjin hannu ya zama tilas, a bari sai ƙarshen shekarar karatu, a kuma karɓo takardar canjin makaranta daga hedimasta. In sulhu ya gagara, kotun yanki tana nan, wanda bai gamsu ba kuma yana da damar ɗaukaka ƙara har gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Yola.

Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da sauran zangonni, muna kira gare ku: duk wanda ya zo da ƙaramin yaro daga gida, ku tambaye shi yadda ya rabo shi da uwarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda aka tumɓuke da ƙarfi da wuya ya yi 'ya'ya. Allah Ya shirya mana zuriya.