Wasiƙar Zuru: Motar Da Ke Tsallen Kwaɗo

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni. Yau maganar mota na kawo. Kada malamai da akawuna su ce wannan ba tasu ba ce su juya shafi, domin ko wanda bai mallaki mota ba ya kan hau ta wani.

Duk wanda ya san ƙasar Zuru ya san ƙasa ce ta duwatsu da rafuka. In damina ta kankama, mai son shiga ƙauyukan Danko da Wasagu ko na Sakaba, lalle sai ya sami mota mai ƙarfi mai tsawon ƙafa. Shi ya sa tsofaffin a-kori-kura masu ja da ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser, ba su rasa daraja a wurinmu. Ni ma ina da wata tsohuwar a-kori-kura, da ita na ke ɗauko dawa da masara daga gonarmu ta wajen Ribah. A cikin 2022 na ga cikinta yana yawan gugar dutse, sai na sa aka ɗaga mini ita. A baya an cusa guntun ƙarfe mai kaurin inci 3 tsakanin gatari da sifirin, kowane gefe guda, aka ɗaure, aka sa mata manyan tayoyi. Na dube ta tsaye kamar raƙumi, na yi murna.

Murnar ba ta daɗe ba. Ran nan na tsallake wani rafi, zan hau gangare mai yashi, na taka totur, sai bayan motar ya kama tsalle, dam-dam-dam, kamar ana sussuka a ƙarƙashinta. Na kai ta gareji, aka ce taya ce, na biya aka daidaita tayoyi. Ba ta bari ba. Wani ya ce shokabsoba ce, watau ƙarfen nan mai mai a ciki da ke kashe girgiza, na sayi sabbi guda 2. Tsallen ya ragu kaɗan, ya komo. Ashe duk jaki aka bari ana dukan taiki. Cikin watan Agusta na 2023, da la'asar sakaliya, tana cikin wannan tsalle sai na ji ƙaras, gaɓar farfela ta karye. Masu karatu sun sani, tun da 'yan bindiga suka addabi yankin nan ba wanda ke son rana ta faɗi masa a hanyar daji. Da kyar muka sami mai tarakta ya ja mu gari.

Kashegari aka nuna mini wani dattijon makaniki wanda ya koyi aikinsa a soja, irin su kuwa ba su da wuyar samu a Zuru. Bai taɓa sufana ba tukuna, sai ya ce, "Malam, yaushe ta ke yin tsallen?" Na ce, "Baba, ai kullum." Ya yi dariya ya ce, "Ba motar da ke tsalle kullum. Ciwo uku ne ke kama da juna, lokacin da kowane ke tashi shi ke raba su." Ga yadda ya rarrabe mini su.

Na farko, in tsallen yana zuwa ne a kan kwalta, sa'ad da gudu ya kai wani mizani, kuma ko ka ɗaga ƙafa daga totur, ko ka sa firi, bai daina ba sai gudun ya sake, to, laifin taya ne. Ko dai nauyinta bai daidaita ba, ko ta kumbura waje ɗaya, ko ƙarfenta ya lanƙwashe, ko kuwa taɓo ne kurum ya bushe a ciki. A ɗaga ta da jak, a riƙe alli daf da ita a juya, inda ta yi tudu alli zai nuna.

Na biyu, in ka faɗa rami ko ka hau gargada, motar ta yi ta lilo ba ta natsu ba, shokabsoba ce. A duba ko tana yoyon mai. A kuma taɓa ta bayan an yi tafiya a mummunar hanya: mai aiki za a ji ta da ɗumi, matacciya kuwa sanyi ƙalau. Har wa yau, motar da aka ɗaga tana bukatar wadda ta fi ta asali tsawo, im ba haka ba sai ta riƙa miƙewa har iyaka tana fizgar taya daga ƙasa.

Na uku shi ne nawa. Tsalle ne da ba ya zuwa sai wajen tashi, ko hawan tudu, ko cikin yashi da taɓo, sa'ad da aka matsa wa inji. Da ka ɗaga ƙafa sai ya tsaya cik. Ga dalilinsa. Yayin da inji ke juya taya gaba, shi kuwa gidan gatari baya ya ke son juyawa, ba kuwa abin da ke riƙe da shi sai sifirin ɗin nan mai falle-falle. Sai sifirin ya murɗe kamar maciji, hancin tulun nan na tsakiyar gatari, inda farfela ta shiga, ya ɗaga sama. Da taya ta ɗan zame, sai sifirin ya saki da ƙarfi kamar baka, taya ta yi sama, ta dawo ta cafki ƙasa, ya sake murɗewa. Haka za a yi ta yi sau da yawa cikin ƙiftawar ido, kowace cafka kuwa duka ce ga farfela da sandunan cikin gatari.

Na ce, "To, Baba, me ya sa da ba ta yi?" Sai ya ɗauko sufana, ya zura mata bututu a ƙota, ya ce, "Notin da ya gagare ka, in ka ƙara wa sufana tsawo ba ya kan kwance ba? Haka guntun ƙarfen nan ya yi. Ka nisanta gatari daga sifirin, ka ba shi doguwar ƙota ta murɗa shi, ga sifirin ya tsufa, ga manyan tayoyi." Ya ƙara da cewa guntun ƙarfe jikin mota kaɗai ya ke ɗagawa, tulun gatari yana nan inda ya ke, taya ce kurum ke nisanta shi da ƙasa.

Gani ya kori ji. Bayan an gyara farfela, ya sa ɗansa ya tsaya a gefe, nesa kaɗan, ya ɗauki hoton gatarin da waya ina tayar da motar a yashi. Muka duba, ga hancin tulu yana ta sama da ƙasa kamar ƙadangare. Sa'an nan muka shiga ƙarƙashi. Ƙusoshin nan masu siffar U da ke ɗaure gatari da sifirin sun yi sako-sako, ga jan garin tsatsa kewaye da su, alamar ƙarfe na gugar ƙarfe. Robobin bakin sifirin sun cinye, falle guda kuma ya tsage.

Maganin da ya yi shi ne ya fitar da guntayen ƙarfen nan, ya sa sabon sifirin mai zurfin lanƙwasa wanda zai ɗaga motar da kansa, da sabbin robobi, da sabbin ƙusoshi, domin tsofaffi sun riga sun miƙe, ba su sake riƙo sosai. Ya ce in komo bayan mako guda a ƙara ɗaure su. Ya kuma gaya mini akwai sandar ƙarfe da a ke haɗawa daga gatari zuwa gangar mota don hana murɗewa, ga wanda tilas ya bar guntayen. Damina biyu ke nan ba ta sake tsalle ba.

To, 'yan'uwa, ga abin da na ke roƙo. Direba, in tsalle ya tashi ka ɗaga ƙafa nan da nan, kada ka ce za ka fi shi ƙarfi da totur. Kada a ɗora guntu bisa guntu, kada kuma a sa shi a gatarin gaba ko da wasa, domin in ya zame sitiyari ya kuɓuce. Mai mota kuwa, kafin ka fitar da kuɗi ka lura da lokacin da ciwon ke tashi, ka faɗa wa makaniki. Makanikin da ya aike ka sayen kaya bai tambaye ka wannan ba, ka yi masa sallama cikin mutunci ka nemi wani.

Haza wasalam.

Ni ne naku,
Mai rubuto muku daga Zuru.