Zaƙin Baki a Takardun Cinikin Kamfani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Wurno ko ta Goronyo lokacin kakar albasa ya san aikin dillali. Shi ne ke yaba kaya a gaban mai saye, ya kushe su a gaban mai sayarwa, sa'an nan ya karɓi la'adarsa. Manoma sun san wannan wasa, sun kuma san makarinsa, watau su kwance bakin buhu su duba. To, akwai wani irin dillanci na zamani da ake yi da alƙalami a cikin takardun kuɗi yayin da wani kamfani zai haɗiye wani, ya kuwa kamata masu nazarin harshe su sa masa ido.

Kamfanin Siminti na Arewa da ke Kalambaina a Sakkwato ya isa misali. An kafa shi a 1962, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda aka haifa a Raba, ya kuma yi hakimcinta. Ya soma aiki a 1967. Bayan gwamnati ta sayar da hannun jarinta a 2000, sai ragamarsa ta koma hannun Scancem, daga nan Damnaz a 2008, sa'an nan BUA a 2010. A 2018 aka gama shi da Kamfanin Siminti na Kalambaina, shi ma mallakar BUA, kafin a sake gama shi da Obu, a sami BUA Cement wanda ya shiga kasuwar hannun jari a 2020.

Abin lura a haɗewar 2018 shi ne lissafi. Tsohuwar masana'anta tana iya fitar da ton 500,000 a shekara, sabuwa kuwa ton miliyan 1.5. Yawan hannayen jari ya tashi daga kimanin biliyan 1.26 zuwa fiye da biliyan 13. Watau tsofaffin hannaye sun koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na kamfanin. Wannan ba hujja ce ta zalunci ba, domin sabon inji ya fi tsoho daraja, kuma ciniki irin wannan ba ya tabbata sai da yardar masu hannun jari da hukuma da kotu. Amma dai nan ne ya kamata idon ƙaramin mai jari ya fara sauka, tun ba ma da yake babban mai jari ɗaya ne a ɓangarorin biyu ba.

Takardun irin wannan ciniki, ko'ina a duniya, suna da dabarun jawo hankali. Na farko, zaɓen kalma: a ce “haɗewa” maimakon “saye”, a ce “rage ɓarna” maimakon “sallamar ma'aikata”. Na biyu, sarrafa lokaci: ana zuba alheri cikin lokaci mai zuwa, “za a samu”, “za a ƙaru”, alhali kuwa bashi yana nan a yau. Na uku, sakaya suna: in riba ce, shugabanni suka kawo ta, in hasara ce, “an fuskanci matsin tattalin arziki”. Na huɗu, jeri: albishir a shafin farko da manyan baƙaƙe, sharuɗɗa kuwa can ƙarshe da ƙanana.

Wani zai ce ai lauyoyi da akantoci sun tantance kome, kuma ba a rubuta ƙarya ba. Haka ne. Sai dai ana iya jera gaskiya ta yadda za ta ɓatar da mai karatu. Bugu da ƙari, da Turanci ake rubuta su, Turancin ma na lauyoyi. Malamin makaranta mai ritaya a Raba, wanda ya sa ɗan abin da ya tara a hannun jari, in ya ɗaga hannu ya amince da abin da bai fahimta ba, cinikin biri a sama ya yi.

Saboda haka lalle ne hukumar kula da hannun jari ta wajabta wa kamfanoni su fitar da taƙaitaccen bayani da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, mai faɗin abu uku ƙarara: wane ne mai saye, nawa rabon tsohon mai jari zai koma, nawa ne bashi. Sassan Hausa na jami'o'i kuma suna da nasu aiki. Sun daɗe suna feɗe salon waƙa da kirari da tallar 'yan koli. Lokaci ya yi da za a ɗora wannan wuƙa a kan rahoton kamfani, a kuma daidaita kalmomin fassararsa, domin mai ɗan jari ya sami damar kwance bakin buhu kafin ya sallama.